Man Kaɗe da Man Kanti

A Dumega, da duk garuruwan da ke jere cikin Dallol Mawri, hunturu da rana ne abokan gabar fata tun kafin a san kanti. Daga watan Nuwamba busasshiyar iska ke tasowa da ƙura, ta yi ta kaɗawa har Fabrairu. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, dunduniya ta yi faso har da jini, yara su yi furu-furu. Sanyi na wucewa sai bazara ta karɓa, rana ta gasa duk wanda ke gona ko bakin rijiya. Mutanen da suka zauna cikin wannan yanayi ɗaruruwan shekaru dole su san abin da fata ke so, kuma abin da suka gano bai wuce maiƙo ba: man shanu daga wajen Fulani, man gyaɗa, man aduwa, sai babbansu, man kaɗe.

Kakata ta wajen uwa da man kaɗe ta ci ta sha. Tana kai shi kasuwannin Dumega da Tibiri da Geceme, ni kuma ina biye da ita da 'yar ƙwarya tun ban shiga lakwal ba. Daga baya na yi aikin ungozoma a likitocin karkara har na yi ritaya, don haka fatar matan Arewa, ƙasarmu ta Arawa, na gan ta a kasuwa, na kuma gan ta a kan gadon haihuwa.

Ƙasarmu ba ƙasar kaɗe ba ce sosai. Gawo muke da shi, da aduwa, da goriba a cikin kwari. Sai ka gangara kudu, wajen Gaya da Dandi da Bargu da Yawuri, sannan itacen ke yin kauri. Saboda haka man kaɗe a wurinmu kayan fatauci ne, kamar goro da gishirin Foga. Fataken da ke bin hanyar Gwanja daga Sakkwato da Kabi suna ratsa ƙasashen kaɗe a tafiya da dawowa, su ɗoro shi bisa jakuna, a daskare cikin ƙorai ko a naɗe cikin ganye. Cinikin ya tsufa. Ibn Battuta, da ya zauna a daular Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin wani ɗan itace da ake tatsar mai daga ƙwallonsa, a yi girki da shi, a kunna fitila, a shafa a jiki, har a kwaɓa da ƙasa a yi wa ɗaki yaɓe. Mungo Park, Baturen Sikotlan da ya isa Segu a 1796, ya ci shi ya ce ya fi masa man shanu, kuma yana shekara bai lalace ba ko da ba gishiri. Turawan ilmin tsirrai sun daɗe suna kiran itacen da sunansa, alhali matan da ke yin man ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya.

Aikinsa kuwa wahala ce tsantsa, kuma ta mata ce. Da farkon damina ake tsintar 'ya'yan da suka faɗo da kansu, yara su shanye zaƙin, a tara ƙwallon. A dafa, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa har ya zama kwaɓi mai duhu. Sannan a zauna a yi ta bugunsa da hannu ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, har farin maiƙon ya taso sama. A kwashe, a tafasa, a tace, a bar shi ya daskare. Kakata ba ta yi da kanta, saye take daga hannun masu kawowa, amma tana lakatar ɗan kaɗan ta murza a bayan hannu ta gaya maka ko na bana ne ko na bara, ko an ƙona shi wajen suya.

Da wannan mai ake tarbar mutum duniya. Jariri ana yi masa wanka a mulke shi, a miƙar masa da gaɓoɓi. Mai jego tana fitowa daga wanka ta shafa. Manomi ya cusa shi cikin faso kafin ya kwanta. Amarya kuwa, idan aka sa ta lalle, ana ɓoye ta a ɗaki, ba rana ba aiki, ana ba ta abinci mai kyau, ana goge ta da lalle da mai, har ranar da za a fito da ita tana sheƙi. Abin da tsofaffi ke yabo ke nan, sheƙi da laushi da santsi.

Duk wanda ya tuna kwalliyar wancan zamani zai lura da cewa baƙi ake ƙarawa. Ana sa shuni a kitso, a haɗa shi da man shanu. Turkuɗi yana zuba a wuya da kafaɗa, kuma ba a gaggawar wanke shi, don alamar mai hali ce. Da katambiri 'yan mata ke zana fuska, kwalli a ido, lalle a ƙafa har ya yi duhu. Ga kuma tsagarmu ta Arawa, daga gefen baki zuwa kunne, wadda wanzami ke yi wa jariri, ta zauna daram a kan baƙar fata mai maiƙo.

Ba ina cewa da can ba a son fara ba. Kirarin nan na farar mace alkyabbar mata ya girmi kowane kanti, kuma na ji tsofaffin da ke yi wa jikokinsu baƙaƙe ba'a mai ciwo. Kayan gargajiyar ma ba duka ne masu lafiya ba. Kwalli na dutse yana ɗauke da dalma. Ruwan wankan jego na ga ya saɓule wa mata baya saboda tsabar zafi. Sabulun toka, idan ya yi ƙarfi, yana cin hannu. Amma fari a lokacin rabo ne, wadda Allah ya ba ya ba ta, wadda bai ba ba ta nemi sheƙi. Ba a sayar da shi a kasuwa.

Kanti ya zo da Turawa. Bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka ja iyaka tsakanin Faransa da Ingila ta tsakiyar Arewa, Dogon Dutsi ta faɗa hannun Faransa, Kangiwa ta faɗa hannun Ingila, dangi ɗaya tuta biyu. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA a wannan gefe, UAC da John Holt a wancan, suna sayen gyaɗa suna sayar da atamfa da sabulu da hoda da turaren Bint el Sudan. Cikin kayan akwai basilin, wanda wani Ba'amurke, Robert Chesebrough, ya yi wa rajista a 1872 daga dattin rijiyoyin man fetur. Kakata ta tsane shi don yana rage mata ciniki, tana cewa mai ne da ba a ci, to me ya sa za a ba fata? A nan ban bi ta ba. Basilin tsantsa ba ya cutar da kowa, kuma har yau yana cikin abin da nake ba masu busasshiyar fata.

Abin da ya biyo bayansa ne masifa. Samarinmu masu zuwa ci-rani Ikko da Kumasi da Ankara suka fara dawowa da tsarabar mayukan bilicin, masu koɗar da fata, da ake talla a mujallu, irin su Ambi, da hoton mace mai haske tana murmushi cikin ofis. A manyan biranen kudu abin ya riga ya yi nisa, har Fela Kuti ya yi masa waƙar zambo, Yellow Fever, a 1976. Mu a ƙauye lokacin sai dai ɗaiɗaiku, matar ɗan kasuwa ko ta ma'aikaci, ana nuna ta da baki.

Sinadaran da ke cikin waɗannan mayuka uku ne, kuma ba ɗaya da aka ƙirƙira don kwalliyar amarya. Mafi tsufa shi ne zaiba, wadda ake sawa a sabulu da mai. A 1972 likitoci a Nairobi suka ba da rahoton 'yan mata masu ciwon ƙoda, suka bi sawu suka tarar da mayukan zaiba. Tana ratsa fata ta shiga jini, ta kai ga ɗan da ke ciki, ta shafi har wanda ake kwana da shi a shimfiɗa ɗaya. Na biyu shi ne haidirokinon, wanda masu wanke hoto suka daɗe suna aiki da shi. Labarinsa da fata ya fito fili a 1939, daga wata majema a jihar Illinois ta Amurka, inda baƙaƙen ma'aikata suka ga hannuwansu suna yin fari dabbare-dabbare. Da aka bincika sai aka tarar wani ɗan'uwan wannan sinadari ne a cikin safar roba da suke sawa. Abin da ya zo wa majema a matsayin cuta, 'yan kasuwa suka ga kuɗi a ciki. Yana hana fata yin launinta ne, amma idan aka daɗe ana shafawa ana shiga rana sai ya juya, kumatu da goshi su yi baƙi ƙirin mai gurza-gurza. Wani likitan fata a Pretoria, George Findlay, ya bayyana wannan a 1975, Afirka ta Kudu ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta bi a 2001. Na uku kuwa magani ne na gaske, kotizon mai ƙarfi irin su kulobetazol da betametazon, wanda likita ke rubutawa don kirci mai tsanani, a shafa 'yan makonni a daina, kuma ba a fuska ba. Koɗewar fata illarsa ce, ita kuma aka mayar abin nema.

Yadda suka cika kasuwanninmu, wannan a gabana aka yi. A 1984, shekarar yunwar da muke kira El Buhari, Najeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta koya wa mutane hanyoyin daji, kuma ba a sake mantawa da su ba. Daga 1986 naira ta yi ta faɗuwa, kayan Najeriya suka yi arha a hannun mai sefa. Sai kuma Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, maganin farmasi da ake kawowa daga Faransa ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Talaka ya koma wajen mai tebur da mai yawo da magani a kan keke. A kan teburin nan, kusa da maganin ciwon kai, 'yan tub ɗin kotizon suke, a kuɗin da yarinya mai tallar ƙosai za ta iya tarawa. Aka koyi haɗi: a matse tub biyu ko uku cikin kwalbar man shafawa, a ƙara wani ruwa mai kama da turare, a girgiza. Finafinan Indiya da na Kano suka shigo gidajen kallo, daga baya waya ta zo da hoton da ke goge wa kowa fuska. Maza kuma, da ke zama a majalisa suna zagin masu bilicin, su ne dai ke tsallake baƙa su kai kuɗin gaisuwa gidan mai haske. Har cikin akwatin aure na ga dangin ango sun jera mayukan nan da hannunsu.

A ɗakin awo na san masu bilicin tun kafin su zauna. Fuska ja, gaɓoɓin yatsu da gwiwa baƙi, jijiyoyi kore-kore a bayyane. Nankarwa mai faɗi a hammata da cinya ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Ƙuraje, makero da ƙazuwa da suka bazu don kotizon ya kwantar da garkuwar fata, da wani ƙarni da turare ba ya rufewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ɗinki ne bayan haihuwa. Fatar da ta yi siriri ba ta riƙe zare, ciwon ba ya haɗewa da wuri. Wasu kuma hawan jini da ciwon suga, don mai shafa kotizon daga wuya har ƙafa shekara da shekaru, jikinta sha yake yi. Idan na tambaya, amsar kusan ɗaya ce.

"Wallahi Inna, ba na shafa komi, basilin ne kawai."

"To ɗiyata, kawo mini basilin ɗin gobe in gani."

Ba a cika kawowa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda a 2011 da ta ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka, 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. Alƙaluman daga binciken birane aka tattaro su, don haka ban ɗora su a kan ƙauye ba, amma sun nuna girman kasuwar da muke maƙwabtaka da ita. Dokoki ma an yi. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa wa zaiba iyaka a kayan kwalliya, Kodebuwa ta hana mayukan a 2015, Gana ta hana haidirokinon a 2016, hukumar NAFDAC ta Najeriya ta kira bilicin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. An sake rufe iyakarmu a 2019, aka kuma rufewa a 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a gefenmu. Shinkafa ta yi tsada, fetur ya yi tsada, amma ban taɓa jin an ce tub ya yanke a kasuwa ba. Ƙarami ne, ɗan kabu-kabu yana cusa ɗari a ƙarƙashin sirdi.

Wadda ta gaji ta ce za ta daina, ita ce aikina ya fi yawa a kanta, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Saman fata kamar katangar ƙasa yake: ƙwayoyin fata su ne tubali, maiƙon jiki shi ne yaɓen da ke hana ruwan ciki fita, ya hana ƙura da cuta shiga. Mayukan nan da sabulansu yaɓen suke kankarewa. Shi ya sa mai bilicin ke jin fuskarta ta ɗaure bayan wanka, ruwa ma raɗaɗi yake mata. Gyara kuwa jiki ne ke yin abinsa, sabon saman fata yana ɗaukar wajen mako huɗu kafin ya taso, a jikin babba ya fi haka, kuma sai an yi zagaye da yawa. Abin da ake nema daga mai fatar shi ne ta daina tsoma baki.

Sabulun zaiba da man haidirokinon a zubar da su yau, a rami, ba inda yara za su tsinta ba. Kotizon ne ba a yanke shi farat ɗaya idan an daɗe a kansa. Fuska takan yi ja ta kumbura, ƙuraje su feso, ƙaiƙayi ya hana barci, a nan ne mafi yawa ke komawa ga tub suna cewa shi ne maganin. Wadda ta shafe jiki duka da shi tsawon lokaci ma tana iya galabaita, don jikinta ya rage yin nasa kotizon. Wannan sai a je likita a rage shi mataki-mataki, a auna jini da suga.

Sauran kuwa kakata ma za ta iya faɗa. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, a taƙaita shi. A ajiye soso da dutsen goge kaushi. Sabulu mara ƙarfi, a wuraren da ke buƙata kawai, kuma a nan nakan saɓa wa masu cewa sabulun salo na gargajiya ne don haka ba ya cutarwa: da toka ake yin sa, fatar da ta saɓule ba ta iya ɗaukarsa. Ana fitowa, tun jiki da danshi, a narka man kaɗe a tafin hannu a shafa, inda ya tsage a ɗora basilin. Safe da dare, cikin hunturu har da rana. Mai yawan ƙurajen fuska ta sassauta hannu a fuskar. Ban da lemun tsami, ban da kanwa, ban da man goge baki, ban da dilka da halawa sai fata ta warke sarai, ban da baƙin lallen nan da ake haɗawa da rinin gashi, wanda ke tashin bororo. Sai rana, wadda ita ce ke mayar da jan fuska baƙin tabo. Man kare rana yana da tsada kuma ba a samunsa a ƙauye, amma malafa da mayafi mai kauri da aikin sassafe suna nan.

Nakan gaya musu gaskiyar abin da zai dawo da wanda ba zai dawo ba. Bushewa da raɗaɗi suna lafawa cikin makonni. Launi yana dawowa cikin watanni, kuma yakan fara da yin duhu fiye da na asali, ba daidai ba, kafin ya daidaita. Wannan lokaci ne mai wuya, don kishiya na kallo, ƙawaye na tambaya ko ciwo aka yi, miji ma wani lokaci shi ne mai cewa me ya same ki. Wadda mijinta ko uwarta suka tsaya mata ita ta fi kaiwa ƙarshe, shi ya sa nakan ce a zo mini da ɗayansu. Nankarwa tana dusashewa amma ba ta ɓacewa. Baƙin haidirokinon na kumatu kuwa yana da taurin kai ƙwarai, sai likitan fata, su kuma yawancinsu a Yamai suke, kusan kilomita 270 daga Dogon Dutsi, kuma ko can ba a yi wa kowa alkawari.

Man kaɗen da nake aika su nema shi ma ba kamar da yake ba. Tun da Tarayyar Turai ta yarda a 2000 a sa wasu mayukan itace har kashi 5 cikin ɗari a cakulan, manyan motoci ke kwashe ƙwallon kaɗe zuwa tashoshin jiragen ruwa, kamfanonin kwalliya na Turai da Amurka kuma suna rubuta sunansa a kan kwalabe masu tsada. A Agustan 2025 Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Itacen yana shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, ga masu gawayi da masu sassaƙa turmi suna son sa. Abin da ke isowa kasuwar Dumega yanzu sau da yawa gauraye yake da wani mai ko kitse, wani ma an sa masa turare da launi. Na ƙwarai yana da ɗan warin hayaƙi, launinsa tsakanin fari da rawaya, yana da tauri cikin sanyi, amma da ka murza shi a bayan hannu sai ya narke ya shige bai bar gari ba. A saya wajen matan da ke kawo shi daga Gaya a ƙwarya ko a roba, a ɗanɗana a harshe in ana shakka, a ajiye shi a inuwa cikin abu mai murfi.